Kamfani Kafin Gida, Ko Gida Kafin Kamfani?

 

Yau maganar gida da fili za mu yi. Akwai tambayar da ta yi ta maimaituwa a saƙonnin da ake turo min. Kusan kowa da yadda ya faɗe ta, amma ma'anarta ɗaya ce: "Na tara abin da zai saya min gida ko shago na farko da zan zuba 'yan haya. In fara yin rajistar kamfani in saya da sunansa, ko in saya da sunana kawai?"

Abu biyu kafin mu shiga. Dokar Najeriya zan yi magana a kai, don haka 'yan'uwanmu na Nijar da Gana da Kamaru ku ɗauki tunanin, amma ku duba taku dokar. Sannan wannan hira ce, ba za ta maye gurbin zama da lauya ranar da za ka biya kuɗi ba.

Bari in ba ku amsar tun yanzu, sai mu warware ta. In kai kaɗai ne, kuɗinka ne, gida ɗaya ne kuma haya za ka zuba, to galibi sunanka ya wadatar. In kuwa kuɗin mutum biyu ko fiye ne aka haɗa, ko kuma sana'ar saye da gini da sayarwa za ka shiga, to kamfani ya kamata ya riga ciniki. Ko wanne ka zaɓa, ka yanke shawarar kafin a rubuta suna a takarda, saboda canja sunan daga baya kuɗi ne mai ciwo. Tun ran gini, ran zane.

To, mu fara daga tushe. Mene ne ma kamfani?

A wurin doka, kamfani mutum ne mai zaman kansa. Yana da sunansa, yana da lambarsa, yana iya saye, yana iya cin bashi, yana iya kai ƙara, ana iya kai shi. Wannan ƙa'ida ta kafu ne a wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1896. Wani mai yin takalma, Aron Salomon, ya mayar da sana'arsa kamfani, ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗaya ɗaya, shi ya riƙe sauran. Kamfanin ya karye. Masu bin bashi suka ce ai shi ne kamfanin, ya biya daga aljihunsa. Kotun ƙarshe ta ce a'a, kamfani daban, Salomon daban. Dokar kamfanoninmu a kan wannan tushen take har gobe.

Ma'anar wannan a wurinka ita ce, ranar da ka sayi gida da sunan kamfani, gidan ba naka ba ne. Na kamfani ne. Abin da ka mallaka shi ne hannun jari a kamfanin da ya mallaki gidan. Ka riƙe wannan, domin duk amfanin da duk wahalar daga nan suke fitowa.

Sai kuma wani kuskure da ya yi yawa. Hukumar CAC tana yin rajista iri-iri. Akwai rajistar sunan kasuwanci, irin wadda mai shagon waya ko mai ɗinki ke yi don ya buɗe asusun banki da sunan shagonsa. Akwai kuma rajistar kamfani, mai Limited a ƙarshen suna. Ta farkon ba ta haifar da wani sabon mutum a doka. Kai ne dai, ka sa wata riga. In aka biyo bashi, kai za a biyo. Don haka wanda ya ce min "ai ina da kamfani" alhali sunan kasuwanci ya yi wa rajista, to wannan kariyar da yake tunani ba shi da ita.

Yin kamfanin kansa ya yi sauƙi yanzu. Tun da aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni a watan Agusta 2020, mutum ɗaya tak yana iya kafa kamfani. A da sai an kai biyu, shi ya sa za ka ga an cusa sunan mata ko ƙane don cika lissafi. Mafi ƙarancin jarin da ake rubuta wa kamfani mai zaman kansa Naira 100,000 ne, kuma ƙaramin kamfani ba dole ne ya naɗa sakatare ba. Ta intanet ake cike komai. Buɗewa ba ta da wuya. Riƙewa ce aikin, kuma zan zo kanta.

Yanzu mu ɗauki dalilan da mutane ke kawowa, mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Dalili na farko: kariya. Ana cewa in wani abu ya faru a gidan, a ce katanga ta faɗa wa wani ko gobara ta tashi, kamfani za a kai ƙara, motarka da gidan da kake kwana sun tsira. Akwai gaskiya a ciki. Amma ka lura da iyakarta. Gidan da ka saya ɗin, wanda wataƙila shi ne mafi girman abin da ka tara a rayuwarka, yana cikin kamfanin, kuma shi masu ƙara za su fara kallo. Sannan in kai ne ka ba da umarnin a rage rodi da siminti, ko aka ga kamfanin rufa-ido ne kawai aka yi don a cuci mutane, kotu tana da ikon ɗage labulen ta kamo ka kai tsaye. Ga mai gida ɗaya, gini mai kyau, wayarin mai kyau, da inshora sun fi takardar CAC kare shi. Wanda ke gudun inshora saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan. Kariyar kamfani tana fara nauyi ne idan dukiyar ta yawaita, ka zama kana da abin da za ka raba: wannan gidan kada matsalarsa ta ci wancan.

Dalili na biyu: haraji. Nan ne ake yawan yaudarar matasa a bidiyo, musamman masu kwaso shawarar da aka yi wa mutanen Amurka ko Ingila su juye mana. Mu duba namu lissafin.

Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. A ƙarƙashinsu, Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100 ne, haka yake hawa mataki-mataki har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Kuɗin haya yana cikin abin da ake lissafawa, kuma hukumar harajin jiharka ce ke karɓa.

Kamfani kuma hukumar tarayya yake biya, wadda muka sani da FIRS, yanzu ta koma NRS. Babban kamfani kashi 30 cikin 100 na riba yake biya. Ƙaramin kamfani ba ya biyan harajin riba. Wannan sassauci ya faro ne da dokar kuɗi ta 2019 ga kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 a shekara ba, sabuwar doka ta ɗaga iyakar cinikin, ta kuma sa sharaɗin kada kadarorin kamfanin su wuce Naira miliyan 250.

Da jin haka sai mutum ya ce shi ke nan, in yi kamfani in huta. Ina zuwa. Mu yi misali, misali ne kawai. A ce gida ka saya na miliyan 30, hayarsa miliyan 1.5 a shekara, kuma ba ka da wani kuɗin shiga. Da sunanka: a cire 800,000, saura 700,000, kashi 15 ɗinsa 105,000 ke nan, tun ma kafin a yi maganar abin da ka kashe a gyara. Da sunan kamfani: harajin riba babu. Amma kuɗin na kamfani ne, ka tuna? Ranar da za ka fitar da shi a matsayin rabon riba, ana cire kashi 10 cikin 100. In duka ka kwashe, 150,000 ke nan. Ka ƙara kuɗin akanta, ka ƙara kuɗin rahoton shekara na CAC. Ina ribar?

Lissafin yana juyawa ne a wuri biyu. In kana da albashi ko kasuwanci mai ƙarfi, har kuɗin hayar ya hau kan matakin kashi 21 ko 23. Ko kuma in ba ka da niyyar cin kuɗin hayar, tara shi za ka yi a cikin kamfanin har ya sayi gida na biyu. A nan kamfani yana iya yi maka rana. Amma ka sa ido a kan iyakar miliyan 250 ɗin nan. A Abuja ko Nasarawa GRA ta Kano, gida ɗaya ma yana iya tsallake ta, kuma da ka tsallake ka fita daga sahun ƙanana, har ribar da za ka ci ranar sayar da gidan kashi 30 za a lissafa mata.

Dalili na uku: bashin banki. Wasu suna zaton banki ya fi ganin girman kamfani. Kamfanin da aka haifa jiya, ba ciniki, ba tarihi, banki ba ya ganin komai a jikinsa. Abin da zai ce shi ne darakta ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa. Da ka sa wannan hannun, katangar da ka gina tsakaninka da kamfani ta rushe a kan wannan bashin. Haka abin yake ko a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJ da Lotus, su ma sai sun ga mai tsayawa. Shi kuwa rancen asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda ake cirar wa ma'aikata kashi 2.5 na albashi dominsa, na mutum ne mai zuba kuɗi don ya mallaki muhallinsa. Kamfaninka ba ya cikin layin.

Dalili na huɗu, wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba: ɓoyewa. Kada dangi su sani, kada a sa min ido. Na fahimci wannan, wallahi, kowa ya san yadda ido yake a garuruwanmu. Amma dokar 2020 ta wajabta a bayyana duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye na kamfani, kuma CAC tana da rajistar da kowa zai iya dubawa ta intanet. Ƙari a kan haka, kamfanin da ya rubuta harkar gidaje a matsayin sana'arsa, banki yakan nemi takardar SCUML, wani sashe a ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram, kafin asusu ya yi aiki. Wato ta wata fuskar ma ƙara fitowa fili ka yi.

Ga kuma gargaɗi na musamman ga ma'aikatan gwamnati. Kundin tsarin mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Mallakar gida da sunanka da bayyana shi a fom ɗin kadarori abu ne da aka saba. Zama daraktan da ke tafiyar da kamfani kuwa yana iya jawo maka tambayoyin da ba ka shirya musu ba. Ka yi shawara kafin ka sa sunanka a wannan gurbin.

To yaushe ne kamfani ke zama dole a ganina? Idan kuɗi ya haɗu.

Ku duba yadda muke yi. Abokai huɗu sun gama hidimar ƙasa tare, sun yi adashi shekara uku, sun sayi fuloti. Sunan wa za a sa? "A sa na wane, shi ne babba, kuma mai amana ne." Ko yaya yana Saudiyya ko Ingila yana turo kuɗi, ƙane yana saye da sunansa "kafin ka dawo". Ko mace ta sayar da gwal ɗinta ta haɗa da na miji, takarda ta fito da sunan miji shi kaɗai. Duk waɗannan a kan amana aka gina su, kuma sau da yawa amanar gaskiya ce. Matsalar ita ce mai amana yana mutuwa. Ranar da ya rasu, magadansa takarda za su duba, takarda kuma ta ce na babansu ne. Su ba su ci amanar kowa ba, ba su ma san da maganar ba. Kai kuma sai ka fara neman shaidu a kan kuɗin da ka tura shekara bakwai da suka wuce. Mai amana yana iya cin bashi a kama gidan. Aure yana iya mutuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A irin wannan yanayi kamfani yana yin aikin da ya fi kowane aiki: yana rubuta rabon kowa. Wanda ya zuba miliyan 12 cikin 30 yana da kashi 40, an rubuta a CAC. In ya rasu, kashi 40 ɗinsa ne ya shiga gado, sauran ba a taɓa su ba. In yana son fita, hannun jarinsa zai sayar, gidan yana nan da sunan da yake. Kuma wannan bai saɓa wa tarbiyyarmu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wanda ya ce maka "haba, har sai mun rubuta, ba ka yarda da ni ba?" ka ce masa rubutun saboda 'ya'yanmu ne.

Amma kamfanin haɗaka ma yana da nasa ramukan, kada ku ce ban faɗa ba. Ku biyu, kashi 50 da 50, ranar da kuka saɓa babu mai rinjaye, komai ya tsaya cak. Wanda ke riƙe da kujerar darakta da takardun gida yana iya yunƙurin sayarwa ko jinginarwa ba da sanin saura ba. Don haka ku sa lauya ya rubuta muku yarjejeniyar masu hannun jari: ba a sayar da gida ko a jinginar sai da sa hannun kowa ko kaso kaza, asusun banki sai da sa hannun mutum biyu, wanda zai fita sai ya fara tallata wa 'yan ciki, ga yadda za a yi wa gidan kuɗi in an zo rabuwa. In ku biyu ne kuma gida ɗaya ne kawai, akwai hanya mai sauƙi: a rubuta sunayenku duka a takardar ciniki, a fayyace kason kowa. Ba kowace haɗaka ce sai da kamfani ba, amma kowace haɗaka sai da rubutu.

Maganar gado ta kai mu wani wuri. Mun sha ganin gidan haya mai kawo kuɗi, mai shi ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, dole a sayar a raba, kowa ya kama ɗan abin da ba zai sayi ko fuloti ba. In gidan na kamfani ne, ana iya raba hannun jarin bisa rabon da Shari'a ta tsara, gidan ya ci gaba da kawo haya. Kamfani ba ya canja kason kowa, ba kuma hanyar hana wani magaji haƙƙinsa ba ce. Sai dai ka kula, in kai kaɗai ne mai jari kuma kai kaɗai ne darakta, ranar da ka faɗi babu mai sa hannu a asusun kamfanin har sai an bi matakan kotu da na CAC. Kuma in iyalinka ba su ma san kamfanin ba, ka bar musu aiki. Ka sanar da su, ka nuna musu inda takardu suke.

Na ce riƙe kamfani shi ne aikin. Ga abin da nake nufi. Kowace shekara sai ka kai wa CAC rahoto, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, in ka makara akwai tara. Kowace shekara sai ka kai wa hukumar haraji lissafi, ko da sifili za ka biya. Kuɗin haya sai ya shiga asusun kamfani, ba wanda kake sayen kati da cefane da shi ba. CAC ta sha fitar da jerin dubban kamfanonin da za ta goge saboda sun yi shekaru ba rahoto. Ka yi tunanin ranar da mai saye ya zo da kuɗi a hannu, lauyansa ya duba ya ga kamfanin da ya mallaki gidan ba ya aiki a rajista. Ciniki ya tsaya sai ka biya bashin shekaru. In ka san kai mutum ne da ko sabunta takardun mota sai an tare ka a hanya, ka yi wa kanka adalci.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a yanke shawara kafin a biya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake saye haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 a takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O. Sashe na 22 na dokar ya ce ba ka mayar da wannan haƙƙin ga wani, ko ka jinginar, sai da amincewar gwamna. A Abuja kuma minista. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nauyin wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba da amincewa ba ta tashi a banza.

Tunda kamfaninka wani mutum ne daban, mayar masa da gidan da ka saya da sunanka sabon ciniki ne a idon ofishin ƙasa. Sabuwar takarda, sabon neman amincewa, kuɗin hatimi, kuɗin rajista, kuɗin lauya. Adadin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Mu ɗauka a misalinmu duka sun kama kashi 5 cikin 100 na miliyan 30. Miliyan 1.5 ke nan, hayar shekara guda cur, ka biya don ka ɗauke abu daga aljihun dama zuwa na hagu. Don haka "bari in saya tukuna, daga baya na mayar" ba kyauta ba ce.

Haka in ka zaɓi kamfani, ka jira satifiket ya fito kafin ka biya. Kamfanin da ba a haifa ba ba ya saye. Kuɗin ya fita daga asusun kamfani, sunan da ke takardar ciniki ya zama daidai harafi da harafi da wanda ke satifiket, da lambar rajistarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In dillali yana matsa maka cewa wani zai ɗauka gobe, to dama haka dillalai ke cewa.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Na ga matasa suna kashe wata guda suna zaɓar sunan kamfani da tambarinsa, amma ba su kashe kwana ɗaya a ofishin ƙasa ba. Kamfani ba ya gyara takarda mara kyau. In filin awon igiya ne a kan hanyar da gwamnati ta shata, ranar rusau ba a tambayar ko mai shi Limited ne. In gidan gado ne ɗa ɗaya ya sayar ba da yawun sauran ba, ƙara tana nan tana jiranka ko da sunan wa ka saya. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Ka je a bincika fayil: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, sauran jihohi ma'aikatar ƙasa. A duba sunan wa ke kai, ko an jinginar, ko ana bin kuɗin ƙasa na shekaru. Ka shiga unguwar ka tambayi maƙwabta. In kuɗinka ba zai isa ka yi duka biyun ba, rajistar kamfani da binciken takarda, to ka yi binciken.

Bari in tattara muku a tambayoyi huɗu da za ku yi wa kanku a daren yau. Kuɗin nan nawa ne ni kaɗai, ko da na wani a ciki? Haya zan zuba in riƙe, ko saye da sayarwa zan mayar sana'a? Kuɗin hayar ci zan yi, ko tarawa zan yi ya sayi na gaba? Zan iya ɗaukar ɗawainiyar rahoto da akanta kowace shekara ba fashi? In amsarka ita ce ni kaɗai, riƙewa, ci zan yi, to saya da sunanka, ka gyara takardunka, ka kwana lafiya. Ranar da aka zo na biyu ko na uku sai a sake zama. In kuwa akwai kuɗin wani a ciki, ko sana'a ce za ka ɗauka, to je CAC tukuna.

'Yan'uwa mata, wannan duk da ku nake. Abin da kika saya da kuɗinki, sunanki ya hau takarda. Addini ya ba ki, doka ta ba ki.

Nan za mu tsaya yau. Wanda ya san wasu abokai ko 'yan gida ɗaya da ke shirin haɗa kuɗi su sayi fili, ya tura musu wannan kafin su biya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan yarjejeniyar haya: me ya kamata a rubuta, da yadda ake ba ɗan haya notis ba tare da an kai ga ofishin 'yan sanda ba. Allah ya sa albarka a abin da muke nema, ya ba wanda bai samu ba.